Yadda ake dawo da fuskar Ubuntu idan ta ƙi buɗewa bayan sabuntawa

Makon jiya ƙanena da ke buga wa mutane takardu a unguwar Nima ta Accra ya zo da laftof ɗinsa, hankali a tashe. Yana cikin sabunta Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa. Da ya kunna, sai baƙin allo da ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa a kusurwar hagu. Ya ce, "Yaya, an ce in kai wa masu gyara a Circle a yi mata fomat." Na ce kada ya kuskura. Takardun mutane na nan lafiya. Abin da ya ƙi tashi shi ne GNOME, manhajar da ke zana tagogi, da GDM mai karɓar kalmar sirri.

Da farko ka danna Ctrl, Alt da F3 tare. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn. Allon rubutu zalla zai fito yana neman sunanka da kalmar sirri. Kana buga kalmar ba za ka ga komai ba, ko tauraro ɗaya. Haka aka tsara shi, ka buga ka danna Enter.

Kafin komai, duba ko ma'ajiya ta cika:

df -h

Idan layin da ya ƙare da / yana nuna 100%, ka kama ɓarawon. GNOME ba ya tashi in bai sami wurin ajiye ƙananan fayilolinsa ba, kuma sabuntawa na tara tarkace. Rubuta sudo apt clean, ka sake dubawa. Mutane da yawa na tsallake wannan, su kwana suna neman cuta a inda babu ita.

Sai sabuntawar da ta katse, wadda ita ce ta fi damun mu a nan saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Kana buƙatar intanet: rubuta nmtui ka zaɓi Wi-Fi, ko ka jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar data. Sannan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
sudo apt update
sudo apt full-upgrade

Na farko yana ƙarasa saita manhajojin da aka sauke aka bari rabi da rabi. Na biyu yana jawo waɗanda suka dogara da su. Don Allah ka karanta abin da apt ya ce zai cire kafin ka amsa masa. In ka ga ubuntu-desktop a cikin jerin, ka ce a'a tukuna, domin cire shi na iya tafiya da fuskar gaba ɗaya.

In an gama, rubuta sudo reboot.

Idan har yanzu baƙin allo ne, zargi ya koma kan sabon kanel, wato zuciyar tsarin, musamman ga masu katin hoto na Nvidia, wanda direbansa, manhajar da ke sarrafa katin, kan saɓa da sabon kanel. Sake kunnawa, ka riƙe Shift, ko ka danna Esc a sababbin kwamfutoci, har jerin GRUB, wato zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, ya bayyana. Shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, wato wanda kake kai kafin sabuntawar. In ya buɗe, shiga Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo ubuntu-drivers install domin ya ɗora direban da ya dace. In kana son ganin ainihin abin da ya lalace, journalctl -b -1 -p err zai jero kurakuran kunnawar da ta gabata.

Na ƙanena bai kai mu can ba. Umarnin dpkg ya yi ta zubo layuka kusan minti goma, muka sake kunnawa, hoton 'yarsa ya dawo a allo. Kafin ya tashi na sa ya kwafe takardun mutane a filas, muka kuma shirya ranar Asabar mu je neman batir.