Yadda Ake Faɗaɗa Allo da Ƙara Saurin Hoto a VirtualBox

Ɗalibin da ya girka Ubuntu (wani nau'in Linux) a cikin VirtualBox (manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin kwamfutarka) domin aikin aji, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, yakan tarar allon ya maƙale a 800x600, linzami kuma yana jan ƙafa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ɗora laifin a kan kwamfutarsu ta hannu har su fara tara kuɗin sabuwa, alhali gyaran ba ya cin komai sai data.

Da farko ka kashe baƙuwar kwamfutar, wato wadda ke aiki a cikin VirtualBox, gaba ɗaya, domin saitin ba ya canzuwa tana kunne. Ka shiga Settings, sannan Display, ka ja Video Memory zuwa 128 MB. A wurin Graphics Controller ka zaɓi VMSVGA idan Linux ce baƙuwar, ko VBoxSVGA idan Windows ce, ka kuma kunna 3D Acceleration.

Babban aikin shi ne girka Guest Additions, wato direbobin da ke sa baƙuwar ta fahimci katin hoton da VirtualBox ya ƙirƙira mata, kuma duk abin da ka saita a sama ba zai nuna amfaninsa sosai ba sai da su. Ka kunna Ubuntu, ka buɗe Terminal, ka rubuta:

sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)

Wannan matakin yana cin data, saboda haka ka tanada tun kafin ka fara. Bayan ya gama, ka danna Devices, ka zaɓi Insert Guest Additions CD image, ka shiga cikin faifan ta Terminal ka rubuta:

sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run

A Windows kuwa danna VBoxWindowsAdditions.exe ya isa. Ka sake kunna baƙuwar, ka tabbatar da alamar Auto-resize Guest Display a ƙarƙashin View, allon zai riƙa bin girman taga da kansa. Ctrl na dama tare da F yana cika fuskar duka.

Idan allon ya yi baƙi bayan haka, ka kashe 3D ɗin, domin tsofaffin katunan Intel ba sa jure shi koyaushe. Idan kuma ka ga koren kunkuru a ƙasan taga, Hyper-V, wato tsarin Windows na tafiyar da baƙin kwamfutoci, shi ne ya riƙe injin. Ka kashe shi tare da Memory Integrity a Windows mai masauki, wato ta ainihin kwamfutarka, amma ka sani WSL2, hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows, ya dogara da wannan tsarin.

Kada ka ba baƙuwa fiye da rabin RAM ɗinka. Mai 4 GB, a ganina, gara ya koma Xubuntu, wadda ba ta da nauyi kamar GNOME, wato fuskar da Ubuntu ke zuwa da ita. Zafin Afrilu kuma yana sa injin rage gudu da kansa, don haka ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa iska ta shige ta, ka jona caji idan akwai wuta.