Kurakuran da Baƙi Suka Fi Yi a Ƙauyen Busua na Gaɓar Tekun Ghana

Busua ƙauyen masunta ne na mutanen Ahanta a Yankin Yammacin Ghana, kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi, kuma ana isa can ne ta garin Agona Nkwanta. Yawancin kurakuran da baƙi ke yi a nan tushensu ɗaya ne, wato ɗaukar ƙauyen a matsayin wurin shaƙatawa kawai, alhali kuwa gari ne na masu sana'a, wanda teku ke tsara musu lokacin fita da lokacin dawowa.

Kuskure mafi haɗari shi ne shiga teku da ƙwarewar kogi. Wanda ya koyi iyo a rafi ko a madatsar ruwa yakan zaci ya san ruwa, amma tekun Atilantika yana da igiyar da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, kuma sau da yawa inda ruwan ya fi nuna natsuwa, tsakanin raƙuman ruwa biyu masu fashewa, nan ne igiyar take. Ko da yake ana yabon Busua da sauƙin ruwa idan aka kwatanta da wasu gaɓoɓin ƙasar, wannan bai kawar da haɗarin ba. Ya kamata baƙo ya fara tambayar masunta ko matasan da ke koyar da hawan igiyar ruwa a kan allo, su nuna masa inda ake shiga a wannan ranar, domin wurin yana sauyawa. Idan igiyar ta kama mutum, kada ya yi ta kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, don gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, ko ya bar jikinsa ya taso sama yana ɗaga hannu a ganshi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma doguwar riga idan ta jiƙe nauyi take yi tana naɗe ƙafa, abin da mata da iyayen yara suka fi buƙatar lura da shi.

Daga nan sai rashin sanin ranar Talata. A yawancin garuruwan masunta na gaɓar Ghana ba a fita kamun kifi ranar Talata, al'ada ce daɗaɗɗiya da ake girmamawa har yau. Baƙon da ya ware wannan rana don ganin dawowar kwale-kwale ko sayen ɗanyen kifi zai tarar da jiragen a kan yashi, masunta na zaune suna ɗinkin koma. A ganina hakan ba asara ba ce ga wanda ya sani tun farko, domin ita ce ranar da masunci ke da sukunin hira. Ganin kasuwar kifi kuwa sai a bar shi zuwa wata rana, a kuma fito da sassafe, tun da wanda ya yi barci har hantsi ya rasa mafi kyawun abin da garin ke da shi: kwale-kwale masu fenti kala-kala, da sunaye da addu'o'i rubuce a jikinsu, ana turo su gaɓa, mata na jira da manyan kwanonin silba.

A wannan wurin ne wani kuskuren ke aukuwa, wato ɗaga waya a ɗauki hoton mutane ba gaisuwa ba izini. Gaisuwa tana da nauyi a wurin Ahanta da maƙwabtansu Fante kamar yadda take da shi a wurinmu. A yi sallama, a nemi izini, idan an ƙi a haƙura. Wanda ya kama igiyar taru ya taya ja, ko ya sayi bandar kifi a hannun matar da yake son ɗauka, ya fi samun fuska.

Mutane da yawa kuma sukan kwana uku ba su bar gaban masaukinsu ba, alhali tarihi na kewaye da su. Ta yamma, tafiyar ƙasa kaɗan, akwai garin Dixcove da ginin tsaro na Metal Cross wanda Turawan Ingila suka gina a ƙarshen ƙarni na 17. Ta gabas akwai ƙauyen Butre, inda kangon ginin tsaro na Batenstein na 'yan Holan, ginin shekarar 1656, yake bisa tudu yana kallon mahaɗar kogi da teku. Dukansu biyun suna cikin gine-ginen gaɓar Ghana da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a 1979, kuma suna cikin jerin gine-ginen da cinikin zinariya da na bayi ya bi ta kansu, don haka ana shigarsu da natsuwa. A ɗauki ɗan gari ya yi rakiya, a daidaita kuɗinsa kafin a tashi, a kuma tambayi lokacin cikar teku, domin ruwan yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma yashin da aka bi da safe yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa da rana.

Batun lokaci gajere ne: wannan yanki yana cikin mafi yawan ruwan sama a Ghana, kuma Mayu da Yuni ne tsakiyar damina. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi dacewa, kuma a cikin waɗannan watanni kunkurun teku kan fito da dare su yi ƙwai a wasu gaɓoɓin yankin. Kada a haska musu tocila, kada a sayi ƙwansu ko namansu, doka ta hana.

Game da abinci, wasu kan ɗauko garin kwaki da kilishi su ƙi taɓa komai na garin, saboda shakkar halacci. Kifi ya warware wannan matsala: a zaɓe shi ɗanye, a ce a gasa, a ci da dokunu, wato tuwon masara na Ghana, da barkono. Mai son nama ya saye shi a hannun mahautan zango a Takoradi, inda zai ji Hausa, a can kuma ya fi dacewa ya ciri isassun sidi, wato kuɗin Ghana, a banki kafin ya hau motar Agona Nkwanta.