Farashin Koko a Waya Daban, a Kan Sikeli Daban

A farkon 2023 tan ɗaya na koko bai kai dala 3,000 ba a kasuwar New York. Zuwa Disamban 2024 ya haura dala 12,000. Tun daga lokacin, 'yan uwanmu masu sayen koko a Ondo da Ikom, da waɗanda ke zangon Kumasi, suka koma duba farashi a waya tun kafin su karya kumallo. Dubawar ba laifi ba ce, wajen karanta lambar ne ake tafka kuskure.

Wanda na fi gani shi ne mutum ya ɗauki lambar New York, ya ninka ta da canjin dala, ya ce ga kuɗin kayansa, sannan ya hau faɗa da mai saye wai ana cutarsa. Waccan lambar ta kwantiragi ce, ta kokon da za a miƙa watanni masu zuwa a rumbunan ajiya na Amurka, bayan an tantance ingancinsa. Tsakanin gona da can akwai kuɗin mota, da 'yan dako, da jirgin ruwa, da inshora, da ruwan bashin banki, kowa sai ya yagi nasa. Gyaran shi ne ka tambayi farashin kilo wurin masu saye uku a rana guda, ka bar lambar waya ta nuna maka ko kasuwa hawa take ko sauka. Ka kuma lura da irin kuɗin: Landan da fam take lissafi, New York da dala, manja kuwa da ringit ake yanka farashinsa a Malesiya.

Sai masu haɗa Gana da Najeriya a kwando ɗaya. Najeriya ta rushe hukumar sayen koko tun 1986, don haka farashi na motsi da kasuwa da kuma naira. A Gana, hukumar Cocobod ce ke sanar da kuɗin buhu mai kilo 64, kuma ta saba sayar da babban kaso na amfanin tun kafin a girbe shi. Shi ya sa lokacin da duniya ke ta ihun dala dubu goma, manomin Gana bai ga ko rabinta ba, aka yi ta fasa-ƙwaurin koko zuwa Togo. In ɗan uwanka na Kumasi ya faɗa maka farashi, kada ka ɗora cinikinka na Akure a kai.

Inda ake asarar da babu wanda ya jawo sai mai kaya shi ne wajen shanya. Farashi na hawa, sai gaggawa ta kama mutum, ya kwashe ƙwayar daga ƙarƙashin ganyen ayaba, inda ake rufe ta kafin a shanya, bayan kwana biyu, alhali tana buƙatar kwana biyar zuwa shida ta nuna. Mai saye zai soka hannu can tsakiyar buhu, ya damƙo, ya murza. In bai ji ɓawon yana ƙaras-ƙaras ba, ya san da laima. Sai ya zaro wuƙa ya tsaga 'yan ƙwayoyi a tsaye: ruwan ƙasa mai tsage-tsage ya yi, ruwan toka ko shuni kuwa sunansa ragi. Laimar da ake nema kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari ce, abin da ya ɗaru a kai daga nauyinka za a cire.

Ɓoye kaya ma ya ci mutane. Waɗanda suka kulle sito suna jiran dala 15,000 sun ga farashin ya zube da kusan rabi cikin 2025, ga fumfuna da ƙwari na ta aikinsu a ciki. Sayar da kaya kashi-kashi ya fi. Masu manja sun taɓa ɗanɗana irin wannan: Indonesiya ta hana fitar da shi a ƙarshen Afrilun 2022, aka ruga saye da tsada, ba a yi wata guda ba ta ɗage haramcin.

Mai son kafa sabuwar gona saboda tsadar da koko ya yi a 2024 kuwa, ya tuna itacen koko na ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin ya fara 'ya'ya. Ya kuma binciki tarihin filin, domin dokar Tarayyar Turai ta ce ba za a karɓi kokon da aka noma a dajin da aka sare bayan 31 ga Disamban 2020 ba.