Yadda mutumin Garwa zai ziyarci Hubbaren Shehu da gidan tarihin Sakkwato

Duk wanda ya tashi a Garwa, Marwa ko Ngaundere a arewacin Kamaru yana da dalilin zuwa Sakkwato, domin tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ita ce asalin ƙasar Fombina, wato masarautar Adamawa, wadda lamidan garuruwanmu suka daɗe a ƙarƙashinta kafin Turawa su ja iyaka. Saboda haka ya kamata a yi wa tafiyar shiri na ilimi kafin shirin guzuri. Mai niyya ya zauna da malamin unguwarsu ya ji tarihi: an haifi Shehu a Maratta a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Wanda ya je da wannan a ransa zai gane abin da ake nuna masa.

Lokacin hunturu, wato Disamba da Janairu, ya fi dacewa, domin zafin bazara a Sakkwato yana wuce digiri 40. A riƙe fasfo da katin rigakafin cutar shawara, a canza sefa zuwa naira tun a bakin iyaka, a bi ta Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, sannan Kano, kuma a guji tafiyar dare.

Idan an isa, a fara da Hubbare, wanda yake cikin tsohon gari kusa da fadar Sarkin Musulmi. Nan ne gidan da Shehu ya zauna, nan aka binne shi, kuma nan kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake. A shiga da alwala, a tuɓe takalmi, a sassauta murya, a yi wa mamata sallama kamar yadda Sunna ta koyar, sannan a roƙa musu gafara da rahama. Buƙata kuwa Allah kaɗai ake kai wa, abin da Shehu ya ƙarar da rayuwarsa yana karantarwa ke nan. Masu kula da wurin dattawa ne, don haka a gaishe su da "Allah ya gafarta Malam", a nemi izininsu kafin a ɗaga waya don hoto, mata kuma su tambayi inda aka keɓe musu.

Gidan tarihin da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, masanin da ya rasu a 1997, shi ne wurin da masu ziyara da yawa suke tsallakewa, kuma a ganina wannan babbar asara ce. Ma'aikatar gwamnati ce, saboda haka a je ranar aiki da hantsi. A can ake adana rubuce-rubucen hannu na malaman jihadi da wasiƙun sarakuna. A tsaya a dubi takarda guda da kyau: baƙin tawada, jan wasali, da ƙananan bayanai da wani almajiri ya cusa a gefen shafi. Kada a taɓa takarda sai da izini, domin gumin hannu yana cin tsohuwar takarda. Tun da yawancinmu muna jin Fulatanci, a roƙi ma'aikaci ya nuna waƙoƙin da Shehu ya rubuta da ajamin Fulatanci, a kuma riƙe ɗan littafi don rubuta sunayen abin da aka gani, saboda a nemi karatunsu wurin malamai bayan an dawo gida.