Shawara ga malaman noma a makarantun sakandare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gonar makaranta kada ta zama wurin horon masu makara, daga nan yara ke tsanar fartanya.

Ku yanka wa kowane rukuni ɗan fili, su shuka alayyafo, wanda cikin sati huɗu zuwa shida ake fara yanka. Kowa ya riƙe littafi: kuɗin iri, taki, ranar shuka, abin da aka sayar. Wannan lissafin ne yawancin manomanmu suka rasa. Wani kaso na amfanin gonar a kai gidan marayu ko asibitin unguwa, yaran da kansu su kai.

Mai son karanta noma a ABU Zariya kuma, ku faɗa masa tun aji huɗu ya riƙe Kimistiri da kyau, JAMB ba ta ɗaga ƙafa a kansa.