Yadda na gyara firintar rasit ɗina da ke ta cewa babu takarda

Kwana uku firintar shagona a Kantin Kwari tana kunna jar wuta tana ƙara, wai babu takarda, alhali sabon naɗi ne a ciki. Na canza naɗin, shiru. Na zargi adafta, na ari mita na auna: volt 24 cif, lafiyarsa ƙalau.

Ashe ƙura ce. A hanyar da takarda ke bi akwai wani ɗan baƙin ido, bai kai ƙwayar wake ba. Haske yake fitarwa wanda idon mutum ba ya gani, takarda ta mayar masa, sai ya san tana nan. Ƙurar hunturu da garin takarda sun dafe shi, hasken ba ya dawowa.

Na kashe firintar, na zare waya. Na jiƙa auduga da sifirit kaɗan, ban da ruwa, na goge idon a hankali. Audugar ta fito ja wur! Na bar shi minti 5 ya bushe, na mayar da takarda, na danne murfi sai da ya yi ƙas. Na riƙe maɓallin FEED mai turo takarda, na kunna firintar, sai ga takardar gwaji tana fitowa.

Alhamdulillahi, na gode wa maƙwabcina mai mita.