Babi na 4: Wane Sikwaya Ne Ya Fi Ɗaukar Kaya?

Darasi na 1

Sikwaya shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da masu walda ke yin ƙofa, rumfa da ƙafar tanki da shi. Idan kun ga an rubuta 50 x 25 x 2, milimita ake nufi. Lambobi biyun farko girman ɓangarorinsa ne, wato inci 2 da inci 1. Ta ƙarshe kaurin ƙarfen ce. Ku ɗauki tef ku auna bakin guntun da ke gabanku. Wanda ya rikice ya sake, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2

Ku ɗora sanda 50 x 25 a kan bulo biyu, faɗin yana kallon sama. Wannan shi ne kwance. Mutum ɗaya ya taka tsakiya, ku ga yadda ta lotsa. Yanzu ku juya ta, siririn gefen a kan bulo, 50 ɗin ya miƙe sama. Wannan shi ne tsaye. A sake takawa. Ƙarfe ɗaya ne, kuɗi ɗaya, amma lotsawar ta ragu kusan sau uku.

To, a tsaye ake ɗora ta. Ku maimaita: siririn gefe ƙasa, dogon gefe a miƙe. Kafinta ma haka yake ɗora katakon rufi. Kafin ku ɗiga walda, ku duba: tsaye take? Bayan kun ɗiga, ku sake dubawa.

Haba jama'a! Kullum sai an sami mai kwantar da ita wai don kwano ya fi zama. Kwano zai zauna, ranar iskar damina kuma rumfa ta yi ciki. A tsaye, don Allah.

Darasi na 3

Girma ya fi kauri tasiri. 50 x 50 x 2 ya ninka 25 x 25 x 2 nauyi sau biyu kawai, amma taurinsa kusan sau tara ne. Ninka kauri kuwa kusan sau biyu yake ƙarawa. Duk da haka ku guji mai milimita 1, wuta na huda shi wajen walda.

Kada ku yarda da ido a kasuwa. Sanda mai mita 6 ta 50 x 50 x 2 tana kai kusan kilo 18. In sikeli ya nuna 11, kaurinta bai wuce 1.2 ba.

Darasi na 4

Idan tazarar ginshiƙai ta ninka, lotsawar tsakiya takan kai sau takwas. Ku ƙara ginshiƙi.